Abu ba ya motsi ko ba ya gusuwa: yadda za ka zaɓi kalmar Turanci da ta dace

Jama'a akwai wani waje da Turanci ke ba mu wahala kuma ba a cika maganarsa ba, wato wajen faɗin cewa abu ba ya motsi. Mu a Hausa ba ma ko tsayawa tunani, sai ka ce a tsaye yake, ko ya maƙale, ko ya cije, ko an kafe shi, ko ba ya ɗaukuwa, kuma kowa ya san bambancinsu tun yana yaro. Amma da ka zauna rubuta rahoto ko takardar koke ko kana gaban tambayoyin WAEC da JAMB sai kalmomi su taso maka jingim, stationary, immobile, immovable, fixed, static, stuck, still, stagnant, in ka buɗe ƙamus kuma kusan duk abu ɗaya zai ce maka, ba ya motsi. To a nan ne ɗalibai da yawa ke haddace su a jere suna ɗauka duk wacce ta zo baki ta yi, kuma wallahi haddar ba ta fisshe su. Abin da ke fisshe ka shi ne ka bar kalmomin tukuna, ka kalli abin da kake son bayyanawa, ka yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, dalilin rashin motsin nasa shi zai miƙo maka kalmar. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: abin lafiyarsa lau, yanzu ne kawai ya tsaya?

Fara da wannan tambayar don ita ta fi yawan faruwa. Mota ce aka ajiye a bakin titi, ba ta lalace ba, ba wanda ya ɗaure ta, in direba ya dawo ya murza makulli za ta tafi. Wannan ita ce stationary. Kalmar ba ta ce abin ba zai iya motsi ba, cewa kawai take a wannan lokacin ba ya tafiya. Shi ya sa za ka yawaita ganinta a labaran haɗari, "the bus rammed into a stationary truck", wato bas ta afka wa tirelar da ke tsaye, kuma duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja da daddare ya san irin abin da ake nufi, babbar mota a gicciye ba fitila ba alama sai 'yan ganyayyaki da aka zuba a kwalta. In ka rubuta immovable truck a wannan jimlar ka canza maganar gaba ɗaya, ka ce tirelar ba mai iya gusar da ita ne, alhali janwe na zuwa za a ja ta.

Dole in daɗe a nan saboda tagwayen nan guda biyu, stationary da stationery. Furucinsu ɗaya ne sak, harafi ɗaya ya raba su, kuma masu tsara jarrabawa suna matuƙar son su. Mai harafin a ita ce a tsaye. Mai e kuma kayan rubutu ne, biro, fensir, takarda, ambulan, littafin rubutu. Dabarar da aka saba koyarwa kuma tana aiki ita ce ka tuna e na envelope, in maganar ambulan da takarda ce to e. Kuma dangi ne na gaske ba haɗuwar banza ba, a Ingila ta da can ana kiran mai sayar da littattafai da ke da kafaffen shago stationer don a bambanta shi da 'yan talla masu yawo da kaya, har ƙungiyarsu ta London ta samu takardar amincewar sarauta a 1557, to kayan da yake sayarwa su suka zama stationery. Kaga kenan duk daga tsayuwa wuri ɗaya abin ya samo asali. Ka lura da allunan shagunan da ke kusa da makarantu, za ka ga da yawa an rubuta Books and Stationary, wannan kuskure ne, in kai ne za ka ba mai fenti aikin allo ka rubuta masa a takarda da e ka tsaya sai ya gama. Sannan stationery ba a yi mata jam'i a daidaitaccen Turanci, ba a cewa stationeries, sai dai items of stationery.

A wannan gidan akwai still da motionless, su kuma sun fi zuwa ga jiki da abin da ko ƙyas bai yi ba. Mai ɗaukar hoto ko mai aski zai ce wa yaro "keep still" ko "sit still", ba zai ce be stationary ba, wannan sai ya yi kama da maganar littafin kimiyya. Motionless ta fi nauyi, ta labari ce, "he lay motionless on the ground", ya kwanta ko motsi ba ya yi, mai karatu na jin haka gabansa zai faɗi. Bambancin da zai taimake ka shi ne stationary tana maganar barin wuri, still tana maganar motsin jiki ko yaya. Mota na iya zama stationary injinta na kunne tana karkarwa, amma ba za ka ce mata perfectly still ba. Ka kiyaye kuma still tana da wani aikin na har yanzu, to "he is still standing" har yanzu yana tsaye, "he is standing still" ya tsaya cik, wurin da ka ajiye kalmar shi ke canza ma'anar.

'Yan ajin kimiyya ku kuma kalmarku at rest ce, ita za ku gani a dokar Newton ta farko, abin da ke at rest zai ci gaba da zama haka sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Kuma in an taɓa tambayarka me ya sa dish ɗin setilayit da aka kafa a kan rufi ba ya bin tauraron ɗan Adam yana juyawa, amsar tana cikin kalmar geostationary, tauraron yana can sama kimanin kilomita 35,786 daidai saitin layin da ya raba duniya biyu, wato equator, yana zagayawa da saurin da ya yi daidai da juyawar ƙasa, sai mu da ke ƙasa mu gan shi kamar a tsaye wuri ɗaya. Irin wannan ne tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba daga China a Disambar 2011.

Mataki na biyu: yana son tafiya wani abu ya riƙe shi?

In amsar e ce, to ka bar su stationary ka dawo kan stuck. Ita ce maƙalewa. A-daidaita-sahu ta faɗa taɓo da damina taya na ta juyawa ba ta fita, "the tricycle is stuck in the mud". Zobe ya ƙi fita daga yatsa, makulli ya maƙale a kwaɗo, ƙaya ta tsaya a maƙogwaro, mutum ya shiga cunkoso a Kurna ko Nyanya ya kasa gaba ya kasa baya, "I am stuck in traffic", duk stuck ce. A cikinta akwai ƙorafi, akwai cewa ba haka aka so ba, wannan shi ya raba ta da stationary da ba ruwanta da ko an so ko ba a so ba.

Kuskuren da ya fi kowane yawa a nan shi ne stucked. Babu wannan kalmar sam. Asalin aikatau ɗin stick ne, wanda ya wuce stuck, to ta riga ta zama ta baya, ba ta buƙatar wani ed. Ka ce "the car got stuck", shikenan. Kuma kar ka haɗa ta da stock na kayan shago ko struck na bugu, a bakinmu suna kama da juna amma a rubuce kowa gidansa daban.

In na'ura ce mai sassan da ya kamata su zame ko su juya suka cije, jammed ta fi dacewa, ƙofa, durowa, zif, takarda a cikin firinta, bindiga. A nan ma a yi hankali, Turancin titi na Najeriya yana amfani da jam a matsayin karo, ka ji an ce mota ta yi jamming ɗin mai babur, to wannan na hira ne, a rubutun jarrabawa ko na ofis hit ko knocked down ko collided with za ka sa. In inji ne ya ƙafe saboda ba baƙin mai har fistin ya kama, abin da bakanike zai ce maka inji ya buga ko ya yi nokin, kalmar littafi ita ce seized, "the engine has seized". Waya ko kwamfuta in ta sandare allon ya ƙi amsa taɓi, frozen ake cewa, "my phone has frozen", kuma ita dai ce ake amfani da ita in an rufe asusun banki an hana cire kuɗi, a frozen account.

Sauran na wannan gidan ba sai na ja su ba. Stranded na mutanen da suka rasa yadda za su bar wuri ne, fasinjoji a tasha an ƙare mota ko a filin jirgi an soke tashi, ba wai jikinsu ne ya maƙale ba, hanyar tafiya ce babu. Trapped na wanda abu ya rufe ko ya danne, kamar ginin da ya rushe da mutane a ciki, akwai haɗari a cikinta. Jirgin sama in hukuma ta hana shi tashi grounded ne. Jirgin ruwa in cikinsa ya hau yashi an ce it ran aground, kamar katafaren jirgin nan Ever Given mai tsawon mita 400 da ya gicciye a mashigin Suez na Masar a watan Maris 2021 ya tare hanya kwana 6, jaridu a lokacin aground da stuck suka yi ta amfani da su, ba wanda ya ce immovable don kowa ya san ana kan ƙoƙarin fito da shi. Cunkoson da ya tsaya cak kuma, go-silo ɗinmu, a rubutu ka ce "traffic came to a standstill" ko ka ce gridlock.

Mataki na uku: wani ne ya kafa shi da gangan?

Wannan gidan fixed ne. An sa ƙusa ko noti ko siminti ko walda an girke abu don kar ya gusa. Fanka a silin, allo a bangon aji, bencin da aka haɗa da ƙasa a asibiti, injin niƙa da aka zuba wa kankare a gindi. "The bench is fixed to the floor." Ka lura da to ɗin nan, fixed to, kamar yadda ake cewa attached to, fastened to, bolted to, nailed to. In kana son Turancinka ya fito ras, maimakon fixed kullum ka faɗi da me aka kafa, bolted in noti ne, nailed in ƙusa ce, welded in walda ce, glued in gam ne, mounted on in an ɗora a jikin bango kamar talabijin. Wanda aka gina tare da ɗakin tun farko, irin wadirof ɗin cikin bango ko kantar kicin ta siminti, built-in ne. Abin da ya nutse cikin wani abu ya zauna, kamar harsashi a jikin bango ko tsakuwa a kwalta, embedded in. Bishiya rooted, jirgin ruwa da aka jefa wa anga anchored.

Matsalar fixed ita ce tana da fuska biyu, don fix tana nufin gyara. In ka ce "the fan is fixed" mai sauraro zai iya ɗauka an gyara fankar ne. To in kafawa kake nufi ka ƙarasa jimlar, fixed to the ceiling ko fixed in place.

Daga nan ta tsallaka zuwa harkar kuɗi, kuma ma'anar ba ta ɓata ba, wani ne ya yanke ya kafa. Fixed price farashin da ba ragi ba ciniki, irin na manyan kantuna. Fixed deposit kuɗin da ka ajiye a banki zuwa wani wa'adi ba ka taɓawa. Fixed assets su ne kadarorin da kamfani ke aiki da su na dogon lokaci ba na sayarwa ba, gini, injina, motoci, a sabbin littattafan akanta za ka ga an fi kiransu non-current assets. A kula, motar kamfani tana cikin fixed assets duk da kullum tana kan hanya, don ba rashin motsi ake nufi a nan ba, zama a hannun kamfani ake nufi. 'Yan komas wannan tambayar na kayar da mutane.

Masu haya da masu sayen gida kuma ga wadda ta shafe ku kai tsaye, fixtures and fittings. Fixtures su ne abin da aka manne da ginin har ya zama ɓangarensa, masai na zamani, wurin wanke hannu, tayil, ƙofofi, wayoyin wuta da ke cikin bango. Fittings su ne na ɗauka, labule, kafet, madubin da aka rataya, firij. Ƙa'idar da aka gada daga dokar Ingila ita ce abin da aka manne da ƙasa ko gini yana bin ginin, to kafin ka kashe kuɗi ka sa tayil ko ka haƙa rijiyar burtsatse a gidan haya, ku zauna da mai gida a rubuta a takarda wa ke da me ranar tashi. Rigingimu da yawa a kan wannan suke, kuma in an kawo maka yarjejeniya da Turanci waɗannan kalmomin biyu su za ka fara nema.

Mataki na huɗu: ko an taru an tura ba zai gusa ba, ko shi da kansa ne ya kasa?

Nan ne zuciyar maganar, immovable da immobile. Duka biyun daga tushe ɗaya na Latin suke, movere, motsawa, sai aka sa musu im a gaba mai kore ma'ana. Asalin ɗafin in ne, amma in ya haɗu da kalmar da ta fara da m ko p ko b sai ya koma im, shi ya sa ake da impossible da imbalance da immature. Wannan ya nuna maka dalilin m biyu, ɗaya ta ɗafi ɗaya ta kalmar, to kar ka rubuta imovable.

Immovable tana kallon abin ne daga waje, wato ba mai iya gusar da shi. Dutsen Dala, dutsen Zuma, ƙaton gungumen da majiya ƙarfi goma suka kasa ɗagawa. Wutsiyar able ɗin nan ita ke ɗauke da ma'anar yiwuwa, kamar yadda muke cewa ɗaukuwa, turuwa, ciruwa, to immovable ba ya turuwa kenan. Immobile kuma tana kallonsa daga ciki, shi ne ba ya motsawa ko ya kasa motsawa, galibi abin da a da yana yi. Majinyacin da karaya ta kwantar immobile ne, amma ba immovable ba ne, don 'yan'uwa za su ɗauke shi su sa a mota su kai asibiti. In ka riƙe wannan misalin guda ɗaya ba za ka sake haɗa su ba.

A ilmin halittu za ku haɗu da immovable joints ko fixed joints, gaɓoɓin da ba sa motsi, misalin da ake bayarwa kullum shi ne mahaɗar ƙasusuwan ƙoƙon kai. Akwai kuma sessile, ta halittun da ke manne wuri ɗaya in sun girma kamar murjani da soso na teku, wannan kalmar ta aji ce kawai, ba a hira da ita.

Inda immovable ta fi aiki a rayuwa shi ne shari'a. Immovable property ita ce fili, gona, gida, da duk abin da ke kafe a kansu. Movable property kuma mota, dabbobi, kayan ɗaki, gwal, kuɗi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya riga ya san rabon nan, aƙar da manƙul, har ma ya san cewa shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar, a kan su gida da gona take. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a sashe na 43 ya ce kowane ɗan ƙasa na da 'yancin mallakar immovable property a ko'ina a ƙasar, sashe na 44 kuma ya yi maganar yadda gwamnati za ta karɓi kadarar mutum da biyan diyya. A gefe guda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ya sa takardar da kake samu ta izinin zama ce, C of O. Akwai ma dokar 2017 da ta ba ƙananan 'yan kasuwa damar jingina movable assets, kamar injina ko dabbobi ko kayan shago, don samun rance, tunda ba kowa ke da gida ko fili ba. To in kana cike fom na rabon gado ko na rance ko na bayyana kadara, ka san a wane layi gona za ta shiga a wane layi shanu za su shiga. A Turancin kasuwa kuma real estate ko landed property za ka fi ji, abu ɗaya ne kusan. 'Yan'uwa na Nijar da suka yi boko da Faransanci abin zai zo muku da sauƙi, immobilier ɗin da kuka sani na harkar gidaje da filaye tushensu ɗaya, sai dai kar ku juya shi kai tsaye ku ce immobile agent, estate agent ake cewa.

Wajen rubutawa, movable da moveable duk an yarda da su, amma immovable ba e ita ce ta fi karɓuwa, ka tsaya a kanta. Unmovable ma akwai ta, sai dai ba ta kai immovable yawa ba, a rubutun hukuma ka ɗauki immovable.

Daga immobile ake samun aikatau immobilise, hana abu motsi. Ma'aikacin lafiya zai ce "immobilise the leg", a ɗaure ƙafar da ta karye kar ta motsa kafin a kai asibiti, abin da mai ɗori ke yi da karare kenan. Immobiliser kuma na'urar da ke hana mota tashi in ba da makullinta ba. 'Yan Ingila na rubuta ise, Amurkawa ize, jarrabawarmu ta fi bin Ingila, ka ɗauki ɗaya ka bi ta har ƙarshen takarda. Furucin ma ya bambanta, Ingila imobayil, Amurka imobil.

In mutum ake magana a kai don Allah a zaɓi kalma da tausayi. Bedridden wanda ciwo ya kwantar a gado, housebound wanda ba ya iya fita daga gida, paralysed wanda wani sashen jikinsa ya shanye, "paralysed from the waist down" daga ƙugu zuwa ƙasa. Kalmar crippled ta tsufa kuma masu lalurar suna jin zafinta, a bar ta. Haka ma maimakon confined to a wheelchair an fi son uses a wheelchair, don keken ba kurkuku ba ne a wurinsa, shi ke fitar da shi.

Mataki na biyar: wuri ne bai bari ba, ko canzawa ce bai yi ba?

Wani lokacin ba maganar tafiya ake ba sam, maganar abu ne ya ƙi gaba ya ƙi baya. Static ita ce ba hawa ba sauka, "prices remained static", kuma kishiyarta dynamic. Ita ce kuma a static electricity, ɗan tartsatsin nan da ke cizonka da hunturu in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi a duhu ka ji ƙas ƙas, wutar ta taru ne wuri ɗaya ba ta gudana, kuma busasshiyar iskar hunturu ke sa ta yawa. Stagnant kuma tana da wari a jikinta, ta abin da ya kamata ya gudana ya ƙi har ya fara lalacewa, ruwan kwata da kududdufi inda sauro ke ƙyanƙyasa stagnant water ne, albashin da ya shekara da shekaru wuri ɗaya ko kasuwar da ta mutu ma stagnant. Ruwan randa da ya kwanta ya yi garau still ne, in ka ce masa stagnant ka ɓata shi, ba mai sha. Immutable ta abin da ba ya canzuwa har abada ce, ta manyan rubuce-rubuce da wa'azi, ba ta shafi motsi ba ko kaɗan duk da ta yi kama da su immovable a ido.

In halin mutum ne, ka fara yanke shawara yabo kake ko zargi. Steadfast da firm da unwavering yabo ne, mai tsayuwa kan gaskiya. Stubborn da obstinate da rigid zargi ne, taurin kai. Adamant tana tsakiya, ya kafe kan maganarsa, "she was adamant that she had paid". Immovable ma ana faɗa wa mutumin da ba a iya sauya masa ra'ayi. Sai unmoved, wadda ake yawan ɗauka ta rashin gusawa ce, alhali galibi ta zuciya ce, an yi roƙo an yi kuka bai ji komai ba, "the judge was unmoved by his plea".

Mataki na shida: gwada jimlar kafin ka sake ta

In ka zaɓi kalma, ka yi mata gwajin kishiya. Ka tambayi kanka mene ne akasin abin da nake faɗa. In akasin shi ne yana tafiya, moving, to stationary ko still. In akasin ya kuɓuta ne, free, to stuck. In akasin ana iya cirewa ko sassautawa, loose ko detachable ko adjustable, to fixed. In ana iya ɗauka, movable ko portable, to immovable. In yana gudana, flowing, to stagnant. Wannan gwajin shi ne kuma yake ci maka tambayoyin opposite in meaning da nearest in meaning, don masu tambayar sukan jera maka kalmomi huɗu da duk ke nufin rashin motsi, jimlar ce kawai za ta nuna wacce, to ka karanta ta sau biyu ka nemo dalilin tsayuwar kafin ka kalli zaɓin.

Sai ka duba ƙananan kalmomin da ke rakiya, don su ke tona mai koyo. Stuck in the mud, stuck on a question, stuck with a bad phone, kowacce da ma'anarta, ta farko ya maƙale a ciki, ta biyu ya kasa amsawa, ta uku an bar shi da abin da ba ya so. Remain stationary, stand still, lie motionless, get stuck, hold firm, haka suke tafiya bibbiyu, ka koye su tare da abokan tafiyarsu. Kuma ba a cewa very stationary ko very immovable, abu ko yana tsaye ko ba ya tsaye, in ƙarfafawa kake so ka ce completely immobile, perfectly still, firmly fixed, hopelessly stuck.

Atisayen da nake ba duk mai son abin ya zauna masa ba ya cin ko sisi. Ka zauna a tsakar gida ko a bakin shago da littafi, ka rubuta abubuwa goma da idonka ke gani waɗanda ba sa motsi, a gaban kowanne ka rubuta dalilin da Hausa tukuna, an kafe shi, ya maƙale, an ajiye shi, ya fi ƙarfin ɗauka, ya kwanta ya ruɓe, sannan ka sa kalmar Turancin ka gina cikakkiyar jimla. Turmin da ke jingine stationary ne ko still, famfon da ke jikin bango fixed to the wall, tagar da ta kumbura da damina ta ƙi buɗuwa jammed ko stuck, ruwan da ya taru a tsohuwar taya stagnant, gidan kansa immovable property. Wanda ka yi shakka a kai ka buɗe ƙamus na masu koyo irin Oxford ko Longman ko Cambridge, ka tsallake ma'anar ka tafi kan misalan jimlolin da ke ƙasa, ka ga da wane irin abu suka haɗa kalmar, in naka ya yi kama da nasu ka bar shi, in bai yi ba ka koma matakin farko ka sake yi wa abin tambaya.